A Daina Yanke Wa Yara Hukunci Da Ɗigon Jini Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu horar da 'yan ƙwallo da 'yan tsere a nan arewacin Kamaru game da 'yar na'urar nan ta aljihu mai auna sinadarin laktat a jini, wato sinadarin da yake ƙaruwa idan tsoka tana aiki da ƙarfi, wadda wasunmu suka fara ɗaukar lambar da ta nuna tamkar yankan wuƙa.

Ga wanda bai san ta ba, ana tsira wa ɗan wasa allura a yatsa ko a fatar kunne yana tsakiyar atisaye, a ɗora ɗigon jinin a kan tsinken gwaji, sai lamba ta fito. Lactate Pro 2 ta kamfanin Arkray na Japan tana ba da amsa cikin daƙiƙa 15. Laktat ɗin mutumin da yake zaune ba ya cika wuce milimol 2 (ma'aunin da ake ƙirga shi da shi) a kowace litar jini, amma da zarar gudu ya tsananta sai adadin ya riƙa hawa. Milimol 4 da kociyoyi suke yawan ambatawa a matsayin iyakar da laktat yake fara taruwa a jini da sauri idan an wuce ta ya samo asali ne daga aikin Alois Mader da abokansa a birnin Kolon na Jamus a 1976, kuma matsakaici ne kawai, domin iyakar wani tana ƙasa da haka, ta wani kuma tana sama.

Ba ina cewa na'urar ba ta da amfani ba ne. Masu bincike da suka gwada ire-irenta da manyan na'urorin ɗakin gwaje-gwaje sun tarar cewa sakamakonsu yana kusantar juna idan laktat bai yi yawa ba, sai dai tazarar tana buɗewa idan ya hau sosai, kuma na'urori biyu na kamfanoni daban-daban suna iya saɓawa a kan jini ɗaya. Saboda haka kuskure ne a gwada lambar yaron da aka auna a Marwa da wata na'ura da ta wanda aka auna a Garwa da wata daban, a ce wannan ya fi wancan juriya.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayinmu. An ƙayyade cewa Lactate Pro 2 ta yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a fili da azahar a Garwa cikin Maris ko Afrilu ya san ana haura haka. Tsinkayen gwajin ma zafi yana lalata su, har na wata na'urar mai suna Lactate Scout a firji ake ajiye su, mu kuwa ga ɗaukewar wuta, ga ɗabi'ar barin kaya a cikin mota ko a jakar babur rana tana dukansu. Sannan ga gumi, wanda shi kansa yana ɗauke da laktat mai yawa, ta yadda idan ba a goge yatsan ya bushe ba, aka kuma yi amfani da ɗigon farko, lambar za ta yi sama ba tare da laifin yaron ba. A watan azumi kuma lamarin yana juyewa, domin idan sukarin da tsoka take ajiyewa ya ragu, laktat yakan yi ƙasa, sai koci ya zaci ɗan wasansa ya ƙara ƙarfi, alhali cikinsa ne babu abinci.

Roƙona ga kociyoyi shi ne kowace ƙungiya ta tsaya a kan na'ura ɗaya da wuri ɗaya na ɗibar jini, ta yi gwajin da sanyin safiya, ta duba ranar ƙarewar wa'adin tsinkayen, sannan ta gwada sakamakon yaro na yau da nasa na watan jiya, tare da bugun zuciyarsa da lokacin da ya yi a gudu. Idan lamba ta fito da ban mamaki, a sake ɗibar jini nan take kafin a rubuta ta, balle a sallami ɗan mutane daga sansani a kanta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wani mai horar da 'yan tsere,
Garwa, Kamaru