Wasiƙa daga Zariya zuwa ga abokina a Ingila

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layi. Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi nauyin ƙafa.

Zamanmu na ranar Asabar, na wasan labarin nan da ake yi a kan tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, yana nan bai mutu ba. Tun da ka tafi ni ne mai jan labari, kuma ɗan ludon nan mai fuska ashirin da ka bar mana shi muke jefawa har yau. Mu biyar ne yanzu, har da ƙanina, wanda da yake mana kallon masu ɓata lokaci.

A saƙonka na baya ka ce ƙananan masu buga littattafan wasan nan sun fi manyan kamfanoni mutunta masoyansu, ka kafa hujja da rikicin Janairun 2023. Ban manta ba. Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya so ya soke lasisin da ya bai wa jama'a tun 2000 na buga nasu littattafan da dokokin wasansa, daftarin da ya fallasa kuma ya nuna zai karɓi kashi 25 cikin 100 na cinikin da ya haura dala 750,000. Mutane suka yi ta soke rajistarsu ta D&D Beyond, shafin wasan na intanet, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye. Cikin sauran masu buga littattafan, Paizo ya fito da nasa lasisin, Kobold Press ya kama shirya nasa wasan, kowa ya yi ta tafa musu. Amma abokina, a wannan lokacin kyautatawa ita ce riba, don kasuwa ce ta juyo wajensu. Ni ba nan nake auna su ba.

Alherin da na gani da idona ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shiga raina. Ka san halin da muka shiga a baya: katin banki ya ƙi biyan dala, kuɗin aiko littafi ya ninka kuɗin littafin. Da ba don Yochai Gal ya saki wasansa Cairn kyauta ba, da wata uku za mu yi ba sabon wasa. A itch.io kuma, shafin da ake sayar da wasanni, marubuta wasanni da yawa suna ajiye kwafi na kyauta don marasa hali, ka ɗauka ba mai tambayarka dalili, ba mai sa ka roƙo. Rannan wata doka ta ɗaure mini kai a wani ɗan wasa, na yi tambaya a zaurensu na hira na Discord cikin dare. Kafin asuba marubuciyar da kanta ta amsa, ta ce laifin rubutunta ne, za ta gyara. Bayan mako biyu ta gyara ɗin. Har ta tambaye ni yadda muke juya wasan da Hausa a teburinmu. Wallahi na daɗe ina jin daɗin wannan tambaya.

To ga ɗaya ɓangaren, wanda ban taɓa gaya maka ba. Ka tuna littafin da na roƙe ka ka biya mini a Kickstarter, shafin da ake biya tun kafin a buga abu, na turo maka kuɗin a hankali? Shekara biyu ke nan ba littafi. Jinkirin ban damu da shi ba, mutum biyu ne ke aikin, ciwo da tsadar takarda suna iya samun kowa. Shirun ne ya ƙona mini rai. Na tambaya cikin ladabi, aka goge tambayata. Wani ya sake tambaya, magoya bayansu suka yi masa ca, wai ba shi da tausayi, masu littafin kuma suna gani ba su ce uffan ba. A ƙaramin gida irin wannan kowa ya san kowa, sai neman haƙƙinka ya koma kamar cin amanar ɗan'uwa. Babban kamfani ba ya iya ɗaure maka baki da kunya haka.

Shi ya sa labarin kamfanin Chaosium yake burge ni. Sun karɓi kuɗin jama'a a 2013 don bugu na bakwai na wasansu Call of Cthulhu, abu ya cije, kuɗi suka ƙare. A 2015 Greg Stafford, wanda ya kafa kamfanin, da Sandy Petersen, marubucin wasan, suka dawo suka karɓi ragamar kamfanin, suka fito suka faɗa wa mutane gaskiyar halin da ake ciki, a 2016 littattafai suka isa hannun masu su. An yi latti sosai, amma an yi magana, an kuma cika alkawari. Abin da nake nema wajen mutanen nawa ke nan: layi biyu a wata, ko da labarin ba daɗi.

Idan ka shiga shagon wasannin nan na kusa da ku, ka duba mini littafin wasan Blades in the Dark. Ka tambaye su ko suna cikin tsarin Bits and Mortar, don ta wannan tsarin Evil Hat, mai buga littafin, ke ba da PDF kyauta ga wanda ya sayi na takarda. Sai ka turo mini PDF ɗin mu fara, littafin kuma ka taho da shi in za ka zo Sallah. Kujerarka tana nan, ƙanina ne ke ɗana ta kafin ka dawo.

Ka gaida madam da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka na Zariya