Kafin a zagi mai fenti a duba filasta

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu gina gida, musamman yanzu da kowa ke son fentin nan mai sheƙi a falo, wanda ake ce wa satin, wanda ko yaro ya shafa masa miya sai dai a sa tsumma a goge.

Ni sana'ata fenti ce, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maigida zai sayo bokiti mai tsada ya ce yana son bango sumul kamar madubi, alhali filastar da ke ƙasa duk tudu da kwari ce, ana gamawa a kunna ƙwai sai ga sawun cokalin magini, ga layin da mai wayarin ya fasa ya sa fayif aka toshe a gurguje, shi ke nan sai a ce mai fenti ne bai iya aiki ba. Wallahi mai sheƙin nan tona asiri yake, haske na bi ta kansa duk wani ƙulu sai ya fito da inuwarsa. Imolshan mara sheƙi ne ma ke ɗan rufa wa magini asiri.

Don haka tun kafin a kwaɓa siminti ya kamata mutum ya san fentin da zai sa a kowane ɗaki. Sito, ko bangon banɗaki da za a liƙa wa tayil, filasta mai ɗan kaushi ta isa, tayil ma ya fi kamawa a haka. Amma falon da taga ke jefo rana a gefen bango, ko aka jera ƙananan fitilu a jikin silin na fi-o-fi, wannan sai an yi sikiridin, wato a shafa wani kwaɓi mai laushi a kan filasta don ta yi sumul, shafawa biyu siriri, a bi da sanfefa, a share ƙura tas kafin fenti ya hau. A Jamus har matakan sumul ɗin bango gare su, da suke kira Q1 zuwa Q4, ana rubutawa a takardar kwangila, kowane da kuɗinsa. Mu nan iyakarta "a yi min mai kyau", magini ya ce in sha Allahu, kowa da abin da yake nufi a ransa.

Sai dai fa sikiridin ba ya miƙar da bango, kaurinsa milimita 1 zuwa 2 ne kawai, ƙananan ramuka yake cikewa. Miƙewa tun daga jeren bulo da filasta take. A samu yashi mai laushi a tankaɗe shi, ban da mai taɓo, awo 1 na siminti da awo 4 zuwa 6 na yashi, kauri wajen milimita 12 zuwa 15, sannan a yi ta ba shi ruwa har mako guda, balle da hunturu da iska ke busar da shi tun bai yi ƙwari ba ya tsattsage. Kuma a haƙura kamar mako 4 ya bushe. Masu gaggawar tarewar amarya su ne ke kiranmu daga baya fenti ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri na fitowa ta ƙasan bango.

Kafin ka biya magini cikon kuɗinsa ka karɓi doguwar sandar alminiyon da yake gyara filasta da ita ka kara a bango tsaye da kwance ka ga ko akwai rata. Da daddare kuma ka kashe wuta ka jingina fitilar wayarka da bangon ta haska gefe, duk inda ya yi inuwa ka zagaye da alli, da safe ka nuna masa ya gyara tun yana wurin da kayan aikinsa.

Naka,
Wani mai fenti daga Zariya