Zuwa ga Mamana, kan ajin da kika koma

Mamana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki, Abba ya warke daga zazzaɓin har ya koma Islamiyya.

A gidan suna na ji, a bakin matar kawunki, wai kin bar ajin kimiyya kin koma ajin art tun farkon zango. Na yi murmushi na ce ai da sanina. Ba da sanina ba ne, ke ma kin sani. Ranar ziyara mun zauna a gindin darbejiya, kina cin dambun da na kawo, littafin Gwamnati a kan cinyarki, kika bar ni ina ta yi miki addu'ar Allah Ya ba ki sa'ar Kemistiri. Kina amsawa da amin. Haba, Mamana!

Ni ban raina karatun da kika zaɓa ba, kada ki ɗora min wannan. Ni na haife ki, na san tun kina aji huɗu kike zaunar da Hajiya sai ta ba ki labarin yunwar da aka yi kafin a haife ni, kina rubutawa a bayan littafin lissafi. Na je na tambayi maƙwabcinmu malami, ya ce duk mai son karatun lauya daga ajin nan yake tashi. Sai an ci Adabin Turanci a WAEC ko NECO, a sake zana shi a JAMB, a yi shekara 5 a jami'a, sannan shekara 1 a makarantar lauyoyi, ga reshenta nan a Bagauda. Ya tuna min da Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan Najeriya a 2012. Na ji daɗin jin haka.

Amma baffanki ba zai saurari wannan ba, kuma shi ne ya hana ni barci. Kin manta zaman da aka yi a zaure bayan sadakar arba'in? Ke kina ɗaki, ni ce na durƙusa. Kalma ɗaya ce ta sa aka bar ki kika tafi makarantar kwana: likita. Na ce matanmu suna mutuwa wajen haihuwa saboda kunyar likita namiji, kowa ya san wa nake nufi, aka yi shiru. Baffanki ya ce to, in likita ce, a bar ta. Yanzu me zan ce masa? A wurinsa Tarihi tatsuniya ce, Hausa kuwa cewa zai yi da ita aka haife ki, mene ne na biyan kuɗi. Ranar da labarin nan ya shiga kunnensa, hutun da za ki zo ba za ki koma ba. Kin ga yadda aka yi da Anti Rabi, saura wata 4 ta zana jarrabawa. Kin ga yadda aka yi da ni. Maganar yaron nan na shago ma ba ta mutu ba, danne ta kawai nake yi.

Kin ɗauka wayo kika yi da kika ɓoye min? Ni kaɗai ce garkuwarki a gidan nan, kuma ni kika bari na ji a bakin mutane. Keken ɗinkina na sayar na yi miki akwati da katifa, ba gori nake miki ba, so nake ki san inda kuɗin ya fito.

Na huce, Mamana. Na san tsoro ne ya hana ki faɗa, don ni na cika miki kunne da likita tun ba ki san ma'anarsa ba. Rubuto min gaskiya: son abin kike yi, ko Fizis ce ta kore ki? In so ne, to ki riƙe shi da hannu biyu, ki kawo min sakamakon da zan ajiye a gaban baffanki ya rasa ta cewa. Zan fara zuwa wurin Hajiya, ita kaɗai yake jin nauyi. Kafin nan kada ki yi maganar da kowa, har 'yar kawunki.

Na ba direba gari da ƙuli-ƙuli da yaji, da naira dubu 3 a cikin safa. Ki riƙa sallah a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka.

Ummanki