Godiya ga shagon injuna na Sharaɗa da injiniyansu

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

Ni ne mai ƙaramin wurin aikin ƙarfe na Dakata da kuka kawo wa injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, kafin azumi. Na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, domin kafin in zo wurinku na sha wuya.

Wata huɗu ina yawo da kuɗin da na tara. Duk inda na shiga, tambayar farko ita ce nawa ne a hannuna. Babu wanda ya tambayi irin aikin da nake yi. Wani ya nuna mini tsohon inji da aka riga aka yi aiki da shi, an shafe shi da sabon fenti, ya rantse lafiyarsa lau. Da na ce a kunna, sai ya ce wai babu wuta. Ashe na Amurka ne, mai aiki da wutar lantarki mai bugu 60 a daƙiƙa (60Hz), mu kuwa tamu mai 50 ce, kuma ba takardarsa ko guda. Na dawo gida har na fara tunanin haƙura da tsohon injina na juyi da hannu.

Yaronku injiniya, Allah ya yi masa albarka, bai fara da maganar kuɗi ba. Na ce masa injin da wuƙarsa ke juyawa tana sassaƙa ƙarfe a kwance nake so, irin wanda nake gani a bidiyo. Sai ya ce in je in kwaso kayan da aka fi kawo mini. Washegari na zube su a teburinsa: shaf na injin casar shinkafa, bushin, fuli na injin niƙa. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafinsa, ya ce, "Baba, duk kayanka masu zagaye ne. Wanda ke juya ƙarfen, wuƙa na bin sa, shi ne naka." Wannan ɗin ya fi wancan araha, amma shi ya nuna mini. Wallahi na yi shiru na ɗan lokaci, ban saba ba.

Bai tsaya nan ba. Ya hau babur ya biyo ni shago, ya auna layukan wuta uku ya ga ko ƙarfinsu na kai volt 415 da injin ke buƙata, ya duba janareto, ya buga daɓen da diddige ya ce sai an ƙara kankare. Ya bayyana mini bambancin kwamfutocin da ke sarrafa injin, Fanuc ta Japan da GSK ta China, ya ce in ɗauki wadda zan samu mai gyara da kayan gyaranta a kusa. Sannan ya yanka shaf biyu a gabana, ya miƙo ma'auni ya ce in auna da kaina. Ba lako-lako, girmansu ɗaya.

Kawowa da ɗaurawa duk an yi a ranar da aka ce.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki a garin nan. Na san masu sana'a da injinansu ke zaune a lulluɓe da tamfol, ƙurar hunturu na cin su, saboda wanda ya sayar ya daina ɗaga waya tun ranar da kuɗi suka shiga. Wasunsu bashi suka ci. Naku yaron kuwa har makon jiya ya kira yana tambaya ko ɗana ya iya saita wuƙa shi kaɗai. Na ce masa ya iya, yau ma bushin arba'in ya fitar kafin azahar.

Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri.

Naka,
Mai aikin ƙarfe, Dakata, Kano