Masu Cewa A Ɗauko Sojan Haya Su Ji Labarin Bennington

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tsoma baki a maganar da ta cika majalisunmu a nan Zamfara, cewa gwamnati ta je waje ta ɗauko sojojin haya su share mana dajin Sububu da na Kuyambana. Ban ga laifin masu faɗa ba, domin wanda ya sayar da shanun noma ya biya kuɗin fansa komai zai iya nema. Amma tarihi na koyar har na yi ritaya, kuma an taɓa yin irin wannan ciniki.

Da yankuna 13 na Amurka suka yi wa Ingila bore a 1775, sojanta bai ishe ta ba, sai ta bi ƙananan sarakunan Jamus ta yi hayar dakaru kusan 30,000 kafin yaƙin ya ƙare. Fiye da rabinsu daga Hesse-Kassel suka fito. Kuɗin hayar baitulmalin sarkin da ya ba da hayar yake shiga, yaron da aka rataya wa bindiga kuwa bai taɓa jin sunan garin da zai mutu a cikinsa ba.

A watan Agusta 1777 Janar Burgoyne na Ingila yana gangarowa da rundunarsa daga Kanada, abinci da dawaki suka yi masa ƙaranci. Ya tura wani hafsan Jamus, Friedrich Baum, da mutum wajen 800 su kwaso abin da aka tara a garin Bennington. Ƙashin bayan rundunar Jamusawan Brunswick ne, sojan doki da aka kawo ba dawaki, suna takawa a ƙasa da manyan takalma da takubba masu nauyi. Baum ba ya jin Turanci. An kuma tabbatar masa cewa mutanen yankin na sarkin Ingila ne, da sun gan shi za su biyo shi.

Abin da ya tarar shi ne John Stark, kwamandan 'yan boren Amurka, da mayaƙan sa-kai kusan 2,000, galibi manoman New Hampshire, ɗaya daga cikin yankunan 13. Ruwan sama ya hana faɗa ranar 15, Baum ya yi amfani da ita ya tayar da shinge a kan tudu bakin kogin Walloomsac. Kashegari Stark ya raba mutanensa, suka bi ta cikin itatuwa suka zagaye tudun. Da Baum ya hango su cikin tufafin gona, ya ɗauka masu biyayyar nan ne da aka yi masa alkawari, ya bar su suka matso. Nan ne nake son masu kiran sojan haya su tsaya: mutumin jarumi ne, makamansa masu kyau, amma ba ya iya bambanta aboki da maƙiyi a ƙasar da ba tasa ba. Wa zai nuna wa baƙo bambancin makiyayi da ɗan bindiga a hanyar Ɗansadau? Mai ba shi labari shi zai riƙe linzaminsa, kuma mun san halin masu kai rahoto a garuruwanmu.

Harsashi ya ƙare wa Jamusawan, suka zare takubba, aka harbi Baum, raunin ya zama ajalinsa. Ɗaukin da wani hafsan Jamus, Breymann, ya jagoranto ya maƙale a taɓo, da ya iso aka kora shi. Ɓangaren Ingila ya rasa mutum wajen 200, aka kama kimanin 700. Wannan asara ta raunana Burgoyne, ranar 17 ga Oktoba ya miƙa wuya a Saratoga, a Fabrairun 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurka.

Sai dai kada 'yan sa-kanmu su yi saurin cewa labarinsu ne. Majalisar New Hampshire ce ta kafa rundunar Stark, ita ta naɗa shi, ta ɗauki nauyin biyan mutanensa, ta yanka musu wa'adin wata biyu. Shi kansa tsohon hafsa ne da ya yi yaƙi a Bunker Hill da Trenton. Fursunoni 700 ɗin nan da ransu aka kai su gari. Ba wanda ya tare kasuwa ya yanke wa mutum hukunci saboda kamanninsa ko yarensa, irin abin da ya ƙara hura wutar da muke ciki a nan.

Tun Janairun 2024 jihar nan take da Askarawa, rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa. Roƙona ga 'yan majalisar dokokinmu, kafin a yi zancen dalar da za a ba baƙo, su zauna su binciki wa ke ba kowane askari umarni, a ina ake rubuta sunansa da lambar bindigarsa, yaushe alawus ɗinsa ke shiga, me ake ba iyalinsa idan ya rasu a daji, kuma gaban wa zai gurfana idan ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Su buga amsar a jarida mu karanta.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Talatar Mafara, Jihar Zamfara.