A Bar Yara Su Buɗe Baki A Aji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a kwalejin ilimi, yanzu ina aikin gwajin koyarwa a wata firamare a Zariya, inda aka ba ni aji biyu.

Yaro ɗan shekara uku ya san Baba "ya zo", Inna kuma "ta zo", alhali ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa nahawu. A bakin uwa ya ɗauka, da wajen wasan ƙasa, da tatsuniyar kaka. In ya karkace a yi dariya, a gyara masa, ya ci gaba da surutunsa. Amma da ya shigo aji sai mu ɗaure masa baki: ya maimaita jimlar Turanci bayan malam, in Hausa ta kuɓuce masa a ci shi tara. Ina da yaran da ke rera duk abin da ke kan allo, in na tambaye su ma'anarsa sai su yi tsuru-tsuru.

Zancen koyar da yara da harshen uwa ba sabo ba ne. Tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci na matsayin darasi kawai, kuma ko a Turancin takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba su fi su ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce a fara da harshen uwa.

Littattafan ne babu. Ni da hannuna nake rubuta labaran Gizo da Ƙoƙi a kwali ina mannawa a bango. Ina roƙon hukumar ilimin firamare ta jiha ta buga mana littattafan karatu na Hausa, ko da ƙanana ne.

Wata ɗalibar koyon malanta,
Zariya.