A Bincika Ƙananan Tuddan da ke Filayen Gefen Zariya

Ya Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan ƙananan tuddan da ke filayen gefen Zariya, musamman wajen Samaru da Kufena, waɗanda jama'a ke ɗauka duk suri ne ko tsohon juji. Wasunsu kufai ne. Idan ruwan damina ya zaizaye gefensu, sai a ga tsingaro da baƙin kashin maƙera mai nauyi, irin wanda masanan Jami'ar Ahmadu Bello suka tono a yammacin Samaru a shekarun 1970, shaidar cewa an taɓa narka tama a wurin. Abin takaici, masu tifa suna kwashe ƙasarsu domin cikon fuloti. Ina kira ga Masarautar Zazzau da ta sa masana su duba kowane tudu kafin a taɓa shi.

Wassalam,
Wani mazaunin Samaru, Zariya.